Kwandon Hawa na Biyar

Kafin rana ta leƙo bayan hasumiyoyin Istanbul,
kafin jiragen ruwa su fara kuka a mashigi,
nakan ɗaga ƙyauren shagona,
in jera burodi yana tururi,
baƙin zaitun, farin cuku cikin ruwan gishiri,
in kori kyanwar da ta kwana kan buhun shinkafa,
sannan in ɗaga kai sama.

Can hawa na biyar taga za ta yi ƙara,
kwando ya sauko a igiya,
yana lilo, yana gaida kowane bene.
Ya wuce shanyar matar Jevdet,
ya wuce tukunyar na'a-na'ar ɗaliban nan
da ba sa biyan kuɗin wuta sai an yanke,
ya tsaya daidai goshina.

A ciki takarda, rubutun Gulizar,
a karkace kamar gidan kansa:
ƙwai biyu, rabin burodi, ganyen shayi.
Kuɗi fa? "Rubuta, Rustem."
Na rubuta.
Littafin bashina ya fi ni ƙiba.

Shekara tara ƙafarta ba ta taka titi ba.
Matakala saba'in da huɗu, gwiwa ta ce ta gaji.
Amma ta riga ni sanin tumatir ya hau,
ta san wa aka sallama daga aiki,
ta san gidan da tukunya ta yi shiru kwana uku.
Ran nan kwandon bai iso gare ni ba,
a hawa na biyu ya tsaya,
da kwanon romon wake, an rufe shi da tsumma,
hannu ya fito ya ɗauka, ba wanda ya ce komai.

Haka muke, zo mu zauna zo mu saɓa.
Bango siriri, tarin wani ya tashe ka,
kifin wani ya ƙone, kowa ya ci ƙaurin.
Da hunturu hayaƙin gawayi ya sauko lungu,
mu ɗora ɓawon lemu kan murhu
don ɗaki ya manta da warin danshi.

Sai ga mutane da hulunan kwano da ma'auni.
Suka ƙwanƙwasa ginshiƙi kamar mai zaɓen kankana,
suka ce ba zai jure girgizar ƙasa ba.
Jan fenti a jikin ƙofa.
Mai gidan bai zo ba, takarda ya aiko.

Ɗalibai suka tafi da katifa a ka.
Jevdet ya cire ƙofar ɗakinsa ya tafi da ita,
wai shi ya saya.

Asabar ta ƙarshe kwando ya sauko da nauyi:
kwalbar tsamin barkono,
kuɗi a ƙulle cikin hankici, ba ragi ba ƙari.
Takarda: "Goge, Rustem.
Inda za ni hawa na goma sha bakwai ne,
igiyar ba ta kai ba."
Sai ta sake ta.
Ta faɗo ta naɗe a gabana kamar ta gaji ita ma.

Jikokinta suka sauko da ita a kujera.
Ashe guntuwa ce.
Ashe akwai tabo a haɓarta.
Shekara tara ƙasan haɓar nake gani, ban lura ba.
Ta dubi shagon ta ce, "Ƙarami ne haka?"

Yanzu sararin sama ne a wurin tagar.
Kwandon na rataye a ƙusa, albasa na ciki.
Sabo turken wawa:
kullum in na gama jera burodi
wuyana ne ke fara ɗagawa,
da ƙwai biyu a hannuna.